Yashica Electro 35: Ko Ta Cije, Ba Ta da Ta Biyu

Duk wanda ya ce mini wayar hannu ta gama da kyamara, amsata ɗaya ce: bai taɓa riƙe Yashica Electro 35 ba. Ni kam na riƙe ta, na rataya ta a wuya, na yi yawo da ita daga Ngojin har cikin garin Potiskum, kuma ina faɗa da babbar murya cewa a cikin kayan ɗaukar hoto da Japanawa suka ƙera, wannan tsohuwa ta fita daban. Abokaina sun gaji da jin zancenta. Da na buɗe baki sai su ce, "To, an fara." Su yi haƙuri, don ban ma soma ba.

Aibi guda ne kowa yake jifan ta da shi, wai tana cijewa. Kana tsakiyar aiki sai libar jan fim ta tsaya cak, fim ya ƙi tafiya, maɓalli ya ƙi dannuwa. A kan wannan ne aka jefa irinta da yawa cikin adaka da ƙarƙashin gado a gidajenmu, aka ce sun mutu. Ni kuwa ta nan nake so in shigo da yabona, domin a daidai inda ake ganin gazawarta, nan ne gwanintar maƙeranta ta fi fitowa fili. Yashica ba ta cijewa haka siddan. In ta tsaya akwai dalili, kuma dalilin yawanci ƙarami ne, wanda mai ita zai gano da idonsa da kunnensa.

Daga ina ta fito?

Kamfanin Yashica, wanda aka kafa a yankin Nagano na ƙasar Japan a 1949, shi ya fito da ita kasuwa a 1966. Daga nan aka yi ta yi mata kwaskwarima: samfurin G a 1968, GS a 1970, sai GSN da GTN a 1973, waɗanda aka ci gaba da ƙerawa har 1977. An ƙiyasta cewa an sayar da kusan miliyan 8 na wannan dangi. Tawa GSN ce, mai ruwan azurfa. GTN baƙa ce, amma cikinsu ɗaya. Wanda ya kalli fim ɗin The Amazing Spider-Man na 2012 ya gan ta a hannun Peter Parker, kodayake mu nan ba sai Amurkawa sun tallata mana sunan Yashica ba. Kafin yaɗuwar wayar salula a ƙasar nan daga 2001 da wayoyi masu kyamara da suka biyo baya, mai hoto ne yake zagaya gidan biki da gidan suna da makarantu da filin Idi, kuma sunan nan yana cikin waɗanda aka saba gani a ƙirjinsa.

Electro 35 tana cikin jinsin kyamarori masu auna nisa. In ka sa ido a tagar leƙe, za ka ga wani ɗan tabo rawaya a tsakiya, mai kusurwa huɗu a karkace. Je kasuwar shanu ta Potiskum ranar Laraba, ka auna ƙahon wani bijimi da tabon nan. Za ka ga ƙahon ya rabu biyu. Ka riƙa murɗa zoben gilashi a hankali, ƙahonin biyu suna matsowa kusa da juna, har su haɗe su zama ɗaya. To, saiti ya yi. Wallahi akwai daɗi a wannan haɗuwa da babu wayar da za ta ba ka shi, domin kai ne ka zaɓi inda ido zai tsaya, ba na'ura ta zaɓa maka ba.

Gilashinta kuwa, Yashinon mai milimita 45 da buɗewa har f/1.7, abin a jinjina wa ne. Yana shan haske ko da magariba ta kawo jiki, yana fito da zaren aikin babbar riga ɗaya bayan ɗaya, ya narkar da abin da ke bayan mutum ya yi laushi. Kai za ka zaɓi girman buɗewa, ita kuma ta zaɓi tsawon lokaci, daga daƙiƙa 30 har zuwa 1/500. In haske ya yi yawa jar fitila ta kama, in ya yi kaɗan rawaya ta gargaɗe ka. Ƙyauren haskenta kuma ba ya ƙara. Sai ka ɗauki dillali yana tsakiyar ciniki, hannu cikin hannu da mai saye, bai ma san an yi ba.

Aikin da liba take yi

Wanda zai gane cijewarta sai ya fara sanin abin da ke faruwa idan babban yatsa ya ja liba. Ja ɗaya, ayyuka da yawa. Fim mai faɗin milimita 35 yana da hudoji a gefe biyu, kuma kowane hoto, mai girman milimita 24 da 36, yana cin huda 8. Akwai wani gargare mai haƙora da ke shiga hudojin nan ya ja 8 cif. A lokaci guda kwarkwaron da ke gefen dama yana naɗe abin da aka jawo, ƙyauren haske yana ɗanuwa, ma'aunin ƙirga yana ƙara lamba ɗaya. Sannan akwai sakata a ciki mai hana abu biyu: ba za ka ja liba sau biyu ba tare da ka ɗauka ba, don kada ka yi asarar fim, ba za ka danna sau biyu ba tare da ka ja ba, don kada hoto ya hau kan hoto.

Ka ga ke nan sau da yawa abin da ake kira cijewa, sakatar nan ce take aikinta. Kyamarar tana kare maka fim, kai kuma kana zagin ta. Tela in zare ya harɗe a keken ɗinki ba ya ƙara taka feda, ɗaga ƙafa yake ya buɗe ya duba kwarkwaro. Haka ake yi da Yashica. Doka ta farko, kuma ita ce uwar sauran: kada a yi mata ƙarfi. Haƙoran cikinta ƙanana ne, in ɗaya ya karye gyaran naira kaɗan ya koma neman wata matacciya da za a ciro kaya a jikinta. Kamfanin Kyocera ya saye Yashica a 1983, ya kuma daina ƙera kyamara a 2005, saboda haka babu wata masana'anta da za ta aiko maka da sabo.

In ta tsaya, daga ina za a fara?

Fara da lambar ƙirga. In tana kan 24 ko 36, ko ta ɗan gota, fim ne ya ƙare, ba wani abu ba. Liba takan tsaya a rabin hanya saboda ƙarshen fim a manne yake cikin gwangwaninsa. A nan ne masu son su tatso hoto ɗaya na ƙarshe suke yaga hudoji, ko su tsinke fim ɗin gaba ɗaya. Danna ɗan maɓallin da ke ƙasan kyamara, ka mayar da fim cikin gwangwani, sannan ka ƙarasa jan liba. Za ta tafi sumul.

In ba ƙarshen fim ba ne, duba maɓallin ɗauka. Yana da zoben kulle a gindinsa, kuma yakan juya da kansa a cikin jaka. Kyamara tana ɗane, maɓalli a kulle, liba ta ƙi: buɗe zoben ka danna, magana ta ƙare. Haka nan in jan da ka yi na baya bai kai ƙarshe ba, sai ka tarar da liba da maɓalli duk sun ƙi. Tura libar a hankali har ta kai iyakarta, sakata za ta saki.

Kada ka ɗora wa batir laifi. Wannan yana cikin abin da ya sa nake son ta. Yatsanka ne ke ɗana ƙyauren, batir lokaci kawai yake aunawa. Ko babu batir sam, liba za ta ja, maɓalli zai danna, sai dai duk hoton zai fita a 1/500. Batirinta na asali, PX32 mai bolt 5.6, an daina yin sa saboda sinadarin makuri da ke cikinsa. Amma tana karɓar bolt 6 ba gardama: 4LR44 guda ɗaya, ko ƙananan LR44 guda 4 irin na wurin masu agogo, a naɗe su da kwali, a cike gurbin da ɗan sifirin. Danna maɓallin gwaji a bayanta, tagar ƙirga ta haska, shi ke nan.

Sai babbar maƙiyiya, wato 'yar libar jinkiri da ke jikin gilashi, wadda ake ja don mai hoto ya ruga ya shiga cikin hoton. Haƙoran agogo ne a cikinta, kuma su suka fi saurin daskarewa. In aka ja ta ta maƙale a hanya, komai ya kulle, liba da maɓalli duka. Wani lokaci in ka danna maɓallin ɗauka kana ɗan raka ta da yatsa, ba da ƙarfi ba, sai ka ji ta yi zirrr ta koma gida, kyamara ta farfaɗo. In ta dawo, ka gode wa Allah, kada ka sake taɓa ta. Shawarata ga duk mai tsohuwar kyamara: in kana son shiga hoto, miƙa wa wani ya ɗauka.

"Hoton ya ƙone"

Akwai kishiyar cijewa, kuma ta fi ta mugunta, domin ba ta nuna alama. Liba tana tafiya lafiya lau, lamba tana ƙaruwa, amma fim yana kwance cikin gwangwani bai motsa ba. Duk wanda ya girma a zamanin mai hoto ya san maganar nan. An yi wanka, an sha kwalliyar Sallah, an biya kafin alƙalami, bayan mako guda a ce maka, "Ai naka ya ƙone." Mutane suka riƙa zargin an haska musu fitila ne kawai babu fim. Wani sa'in fim yana nan, bakinsa ne ya zame daga kwarkwaro tun a ja na farko, ma'aunin ƙirga kuwa liba yake bi, bai san abin da fim yake ciki ba.

Maganin wannan yana saman kyamarar, a gefen hagu. Bayan ka sa bakin fim cikin tsagar kwarkwaro, ka ja liba murfi a buɗe har ka ga haƙora sun shiga hudoji sama da ƙasa. Rufe. Sannan ka juya hannun mayar da fim da ke can a hankali, ta inda kibiya ta nuna, har ka ji ya ɗan yi tauri. Daga nan duk lokacin da ka ja liba, hannun nan zai juya da kansa. In yana juyawa, fim yana tafiya. In ya tsaya ƙyam, kana ɗaukar iska. Kallo ɗaya na gefen ido ya raba ka da jin kunya a gaban dangin amarya.

Ɗan maɓallin ƙasa ma yakan jawo irin wannan. Aikinsa shi ne ya saki gargaren mai haƙora don fim ya koma baya, kuma ya kamata ya fito da kansa da zarar an sake jan liba. In datti ya riƙe shi a ciki, gargaren zai yi ta juyawa a sake, hotuna su hau kan juna. Buɗe murfi babu fim, ka murza gargaren da babban yatsa, za ka ji maɓallin ya yi tsalle ya fito. Ka kuma leƙa lungunan da kyau, domin ɗan ɓallin fim da ya yage, wanda bai kai ƙwayar gero biyu ba, ya isa ya tsayar da aiki. In kuwa fim ya tsinke a ciki da hotuna a kansa, kada ka buɗe da rana. Bari dare ya yi, ka kashe fitila, ka shiga cikin bargo, ka zare shi da hannu ka sa a baƙin gwangwani mai murfi.

Ƙarar da ake saurare

Yanzu ga abin da masoyan Electro 35 suke gane juna da shi. Ɗauki hoto, sannan ka kara kyamarar a kunne ka fara jan liba. Tun a farkon ja za ka ji ƙwas! Baƙo zai ɗauka wani abu ne ya karye. A'a, lafiya ce. A cikinta akwai sanduna biyu da 'yar roba a tsakaninsu, kaurinta kamar milimita 2. In ka danna maɓalli, sanda ta farko tana tura ta biyu ƙasa ta hanyar robar nan har ta kama. In ka ja liba ta biyun ta saki, sifirin ya cilla ta sama ta bugi robar. Ƙarar ke nan. Bayan shekara hamsin robar takan narke ta zama danƙo ko ta ruɓe ta zube. Sai sandar ta kasa kaiwa inda za ta kama, ƙarar ta ɓace, fitilu su rikice, lokaci ya daina fita daidai. Kyamarar da aka yanke wa hukuncin mutuwa saboda wannan, ɗan yankin roba da ɗigon gam kawai take nema. Ku gaya mini wata na'urar zamani da take faɗa maka ciwonta a kunne!

Ƙurar Potiskum da tsohon giris

Ƙasarmu ba ta raga wa inji. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu yana cusa ƙura ta kowace kafa. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, giris ya narke ya malala inda ba a aike shi ba, ya haɗu da ƙurar, ya bushe ya zama ƙanzo. Alamarsa ita ce liba ta yi nauyi, ko ta ƙi komawa mazauninta. Lokacin da tawa ta fara haka, wurin wani dattijo mai gyaran agogo na kai ta a cikin gari. Ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya kwance murfin ƙasa, ya jera ƙananan sukurorin cikin marfin kwalba. Ga haƙoran nan a jere, jan datti ya cike tsakaninsu. Ya tsoma tsinke a man laita, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gogewa, yana jan liba kaɗan kaɗan. Da suka yi fes, sai ya taɓa bakin allura a man agogo ya ɗiga a wuri biyu kacal. Na ce, "Baba, ba za a ƙara ba?" Ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Ɗana, waɗannan tsabta suke so, ba mai ba." Da ya miƙo mini, libar tana zamewa ƙarƙashin yatsa sai ka ce jiya ta baro Japan.

Maganarsa ita ce gaskiya. Kada a kusanto ta da man keke, ko baƙin mai, ko man feshin nan na kwance tsatsa, balle man gyaɗa. Mai yana tafiya, in ya kai ga fallayen ƙyauren haske sai su manne, liba ta sake kullewa, gyaran kuma ya koma na buɗe gilashi. Da hunturu a riƙa ja da mayarwa a hankali, domin bushewar iska tana sa fim ya yi ƙarau, saurin naɗi kuma yana haifar da tartsatsin da ke barin zane a kan hoto. Da bazara kada a bar ta cikin mota ko ƙarƙashin kujerar babur. A ajiye lalataccen fim guda don gwaji, a riƙa jan liba ana dannawa lokaci lokaci ko ba a ɗaukar komai, domin zama ya fi aiki kashe ta.

Ita da sa'o'inta

Na san masu Canonet QL17 GIII, wadda Canon ya fitar a 1972, za su ce tasu ta fi sauƙin sa fim, tunda shimfiɗa bakinsa kawai ake yi a rufe. Gaskiya ne, kuma ta fi ƙanƙanta. Masu Zorki 4 ta Tarayyar Sobiyet, wadda aka ƙera daga 1956 zuwa 1973, za su yi alfahari da cewa tasu ba ta san batir ba. Amma ita tana da sharaɗi mai tsanani: in ka canza saurin ƙyaure kafin ka naɗa fim, kana iya lalata cikinta. Leica M3 ta Jamus, ta 1954, sarauniya ce, ban musa ba, har na farkonta sai an ja liba sau biyu kafin hoto ɗaya. Sai dai kuɗinta na masu hannu da shuni ne. Yashica ce ta kawo gilashi mai kyau hannun talaka, ta kuma yafe masa kurakuransa.

Tana da nauyi, wajen giram 750, wuya yana sanin an rataya ta. Ranarmu ma takan fi ƙarfin 1/500 in ka sa fim mai lamba 400, don haka na fi son mai 100 ko 200, irin su Kodak Gold 200 ko Fomapan 100. Fim kansa ya yi tsada, sai an yi saƙonsa daga nesa, tun da Agfa da Konica suka fita daga harkar a tsakiyar shekarun 2000. Duk na yarda. Amma tsadar nan ita ke sa mutum ya tsaya ya duba kafin ya danna, kuma hoto 36 da aka yi tunani a kansu sun fi dubu da aka tara a waya ba a sake kallo ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Kirana ga mutanen Ngojin da Potiskum da kewaye shi ne, duk wanda mahaifinsa ko kawunsa ya bar irin wannan kyamara, ya ciro ta ya kakkaɓe. Ya duba lambar ƙirga, ya duba zoben kulle, ya duba maɓallin ƙasa, ya kara ta a kunne. In ta ƙi, ya kai wa mai gyaran agogo, kada ya murɗe ta. Wadda ta mutu murus ma kada a sayar wa 'yan gwangwan, kayan cikinta za su tashi wata. Matasanmu masu gyaran waya kuma, da hannunsu ya saba da ƙananan sukurori, su je su zauna gaban dattawan nan su koyi aikin tun suna raye. Hukuncina a kan Yashica Electro 35 kuwa, maki goma bisa goma, kuma in ka same ta da araha, saya kafin in riga ka.